Nauyin Brodie

Mildura, farkon Oktoba

Zuwa ga mijina Lachlan,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan kana lafiya, zafin Darwin bai gasa min kai ba. Yaya gwiwar nan taka? Kana shafa maganin, ko sai na zo na tsaya a kanka? Nan ƙalau muke, sai dai ba zan iso ƙarshen wata ba kamar yadda na yi maka alkawari. Kada ka yi tsaki, ina jin ka tun daga nan.

Baba ya yaye wa Tsohuwa tamfol. Ka san ta, jar motar tseren yayana Brodie, da ba wanda ya taɓa tun rasuwarsa. Wai tsere ɗaya tak za a yi da ita don tunawa da shi, kuma ni zan ja. Ta ina zan ce a'a? Tun da Mama ta tafi, Brodie ya bi ta, ni kaɗai na rage masa.

Ga abin da ke damuna. Brodie ya sauke motar nan ƙasa har cikinta na neman lasar kwalta. Mota in an sauke ta haka tayoyinta kan karkace, dole a sake saita su, su zauna daram su fuskanci gaba. Kuma ba a saitin sai da nauyin direba a kujera. Da yake Brodie ba zai iya zama a ciki yana kuma juya sifana ba, sai ya cika buhuna da yashin kogi daidai nauyinsa, ya rubuta sunansa a jiki. Da ya gama ya ɗiga wa kowane noti fenti ruwan ɗorawa.

Jiya Baba ya ɗora buhunan, ya ja zare, ya auna, ya ce komai daidai. Na ce, "Baba, ni fa ba Brodie ba ce. Ya kusa ninka ni." Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ke Bronwyn, hannun yayanki ne ya ɗaure notin nan. Ba mai taɓa su."

Ka ajiye min gefen gadon da fanka ke kaɗawa, ina nan tafe.

Taka har kullum,
Bronwyn

Mildura, tsakiyar Oktoba

Lachlan nawa,

Ina gaishe ka da aiki, ina fatan kana cin abincin kirki ba na gwangwani ba. Na ga saƙonka. Ka ce in tattara in hau jirgi kawai. Faɗa da baki ai ba wuya.

Ranar Asabar mun je filin tsere gwaji. Fitila na komawa kore na taka totur, wallahi sai Tsohuwa ta fizge ni hagu, ta nufi bangon siminti. Na ɗaga ƙafa da ƙyar na miƙar da ita. Na fito na cire hular kwano. Tsohon nan Merv, abokin Baba mai gonar lemo, yana ta ɓaɓɓaka dariya, wai, "Bronwyn, tsere kika zo ko gaida bango?" Na ce masa ya shiga ya gwada, shi da tumbinsa ma sun fi dacewa da saitin.

Dalilin a fili yake. Ba ni da nauyin da zai danne ɓangaren direba, sai gefena ya ɗaga, tayoyin wajen su kauce daga inda aka saita su. Na nuna wa Baba tayar baya, gefe ɗaya kawai ta ci. Ya shafa ta ya ce hannuna ne bai yi ƙwari ba, Brodie bai taɓa kuka da ita ba.

Haushi ya kama ni, na bi shi gareji zan zazzage masa. Sai na tarar da shi zaune kan akwatin kayan aiki yana shan shayi, hannunsa ɗaya a kan buhunan yashin, yana ba su labarin yadda gwajin ya kasance. Na koma da baya a hankali.

Gaba kura, baya sayaki. In na ja ta a haka, ina tsoron bangon nan, tsoro na gaske. In na tafi, na bar tsoho da buhuna. Gidan nan ya zame min ƙarfen ƙafa, ga ƙofa a buɗe amma na kasa fita.

Ka sa ni a addu'a.
Matarka,
Bronwyn

Mildura, Nuwamba

Masoyina,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwantar da hankalinka, da ƙafafuna biyu nake, ko ƙwarzane babu.

Ana jibi tsere da safe na sauke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, na shiga na zauna, na ɗaura bel. Baba ya shigo ya tsaya. Na ce, "Ka saita ta da ni, ko kuwa ka ɗora buhunan su ja maka." Ya dubi buhunan a ƙasa. Can ya ɗauki sifana ya kwanta a ƙarƙashi. Na ji lokacin da notin farko ya saki, na kuma ji Baba yana jan hanci. Ban leƙa ba. Har azahar ina zaune kamar gunki yana jan zare yana aunawa.

Ranar tsere ta tafi sambal, sitiyari ko motsi. Na doke wani yaro daga Adelaide, na doke na bayansa. Merv ya cire hula yana ihu, Baba ya rungume ni a gaban mutane, abin da rabona da shi tun ina makaranta. Na ce a raina shi ke nan, na sauke nauyi, na haɗa akwatina.

Jiya na shiga gareji yi masa sallama. Lachlan, ya farke buhunan. Yana kwashe yashin da gwangwani yana zubarwa a bakin ƙofa, yana ɗora sauran a sikeli. Kowane noti ya sha sabon fenti. Fuskarsa fes, irin wadda ban gani ba tun kafin rasuwar Brodie. Ya ce, "Zo ki hau sikelin nan, 'yata. Baɗi ba sai kin wuni a zaune ba." Ya riga ya rubuta sunana a buhu ɗaya.

An gudu ba a tsira ba. Na buɗe baki in ce masa jirgina jibi ne, sai ya turo sikelin gabana yana murmushi. Na cire takalmina na hau.

Akwatin yana nan bakin ƙofa, ban kwance shi ba. Kada ka je filin jirgi gobe.

Taka,
Bronwyn