Shirun da Na Gina wa Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma Yaya ya tsinka ni a gaban 'yan amshi. Waƙa ba ta fita ba, wai laifin janaretan maƙwabta ne, da mai walda, da ni da ban iya ɗaukar murya ba. "Kai dai danne-danne ka iya." Suka kwashe da dariya. Ni da muryarsa take shiga kunnena kullum na san gaskiya: ta mutu tun bara. Hayaniyar titi ce take rufa masa asiri.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kawo kafinta sitidiyo. Bango biyu, soso a tsakani, an toshe taga, an liƙa roba a bakin ƙofa. Yaya har da dafa mini kafaɗa, wai yanzu na fara hankali. Da ƙyar na danne dariya.

Lahadi, 9 ga Maris
Mai walda yana ta fama a waje, na shiga na rufe ƙofa. Tsit. Har haɗiyar yawuna nake ji. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Talata, 11 ga Maris
Na gayyaci kowa, har matarsa. Ya rera waƙar da aka san shi da ita. Ban gyara komai ba, ban ɗora kiɗa ba, na sake masa muryarsa tsirara a lasifika, na ƙure ƙara. Murya na rawa, ga kakari, ga haki kamar mai hawan tudu, inda ya kamata ta ɗaga sai ta tsage. Ya waiga wajen taga, ya manta babu taga. Na ce, "Yaya, yau kuma wa ya dame ka?" Matarsa ta sunkuyar da kai. Na sake kunnawa daga farko.

Laraba, 12 ga Maris
Bai zo ba. Na ci na ƙoshi.

Asabar, 22 ga Maris
'Yan amshi sun koma wajen wani mawaƙi. Shirun ɗakin nan ciwon kai yake sa ni. Na biya ta gidan Yaya, hanya ce kawai ta bi da ni. Na same shi a tsugune yana wanke wa yaransa takalma. Na ce na gano makirufo ne ya lalace ranar, ya zo mu sake ɗauka.
Bai ko ɗago ba. "Auta, ni na koya maka sauraro. Makirufo lafiyarsa ƙalau."
Na tsaya ina jira ya zage ni. Bai zage ni ba.