Kalmar Inna Ta Fi Karayar Ciwo

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara da maigidan? Ya jikin Inna?

Yaya, ina cikin tashin hankali. Tunda na karye a tseren zamiya kan dusar ƙanƙara, can arewacin ƙasar nan, nake jinya a Xiaobei, unguwar 'yan kasuwarmu da ke nan kudu, wurin Alhaji Ɗanladi, abokin marigayi Baba. Ƙafar ta ɗinke. Kullum sai na hau benen gidan Alhaji har ƙarshe na sauko, ina haɗa gumi, don ta yi ƙwari kafin gasar hunturu.

To, da Alhaji zai je Kano sai ya ɗauki faifan bidiyon tseren ya kai wa Inna, wai tsaraba, ta ga ɗanta ya zama gwani. Bai san faɗuwata tana ciki ba. Jiya ta kira ni tana kuka, ta ce in na sake hawa dutsen ƙanƙarar nan ba ta yafe ba.

Shekarun da na yi ina faɗuwa ina tashi, ana yi mini dariya wai Bakano da ƙanƙara, sai yanzu da aka sa sunana cikin masu gasa! Na roƙe ta, ta kashe wayar.

Don Allah ki je da kanki, ke take saurara. Likita ya sallame ni, kocina yana jira, amma wallahi ba zan ɗaura takalmin zamiyar nan ba sai ta ce Allah ya tsare.

Ki sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Nasiru