Kurar Ruwan Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Alƙahira. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma da wa zan yi zancen nan in ba kai ba?

Muna nan lafiya. Zanga-zanga ta hana gari sakat, amma unguwarmu Ma'adi shiru, maigidana yana zuwa aikinsa na ofishin jakadanci. Ran Juma'a cocinmu ke yin sujada a nan. Na san da sai ka yi mita, kai da ko ruwan sama bai hana ka fita ran Lahadi.

Maganar jikarka Ladi ce. Kowane Yuli, kamar yadda ka sani, mu da ake kira Mormon mukan tuna da magabatan da suka ja amalanken hannu suka ratsa dajin Amurka saboda bangaskiya, har wasu suka mutu a hanya. Bana yara sun harhaɗa amalanke na katako, kowa zai ja ya faɗi sunan kakansa. Ladi ta ce ita ba ta da kowa a labarin nan, ta gama zuwa coci, khalas, wato shi ke nan. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai na ba ta labarinka. Na gaya mata teburin shayinka a tashar Jos ya fi na kowa ciniki. Da ka karɓi baftisma ka ce ba za ka sayar wa mutane abin da addininka ya hana ka sha ba. Ka bar teburin, ka koma tura kurar ruwa unguwa-unguwa. 'Yan'uwanka suka ce ka zautu. Da kurar nan ka ciyar da mu har gwiwoyinka suka gaza.

Taurin kai gare ka, Baba, kuma mun sha gāri ba sukari saboda shi. Amma ka taɓa jin na ce na gode? Na gode. Ina kewarka ƙwarai.

Jiya Ladi ta ce za ta je, amma da sharaɗi. Ba za ta ja amalanken ta gaba kamar sauran yara ba. Ta baya za ta tsaya ta tura, don kakanta ma haka ya yi.

Ka huta, Baba, sai mun iso.

'Yarka,
Saratu