Hayaƙin da ya ɗauke Kailu

Malam, ka taimake ni da sani.

Ranar da na ji ƙanen mijina Tahiru yana irin tarin da yayansa ya yi, ranar na gane ba iskoki ne suka ɗauke mijina Kailu ba. Kailu maƙeri ne, shekara talatin yana cikin hayaƙi, ko mura ba ta kada shi. Da kaka wani kamyon Nasara, babbar motar kaya, ya lalace a hanyar Bonkuku, aka sayar wa Kailu da kusoshinsa, farare tas, ba sa tsatsa. Ya sa su a wuta zai yi wa surukinmu linzami, hayaƙi ya tashi ruwan ɗorawa. Ya ci tuwonsa lafiya, har da tsokanata. Washegari zazzaɓi, sai numfashi ya gagara. Na ba shi nono, kamar yadda maƙera ke yi. Kwana biyar aka kai shi makwancinsa.

Masu bori sun ce ƙarfen baƙo ya ɓata wa iskokin maƙera rai. Liman ya ce ajali, na kuma yarda. Amma mene ne cikin ƙarfen nan? Me ya sa bai kama shi nan take ba? Tahiru kusa ɗaya ya gwada a wuta, ya yi tarin, ya warke, yanzu ya rantse sai ya ƙarasa aikin yayansa, don a gidansu ba a barin aikin mamaci a kan uwar maƙera. Sauran kusoshin suna ƙarƙashin rumbuna, ban ba shi ba, ban kuma zubar ba.

Mai takaba, daga Kurfai

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan Kailu. Na tambayi wani likita, ya ce Nasara na shafa wa wasu ƙarafa wani abu, kadmiyam, don hana tsatsa. In ya ji wuta, hayaƙinsa na ƙona huhu a ɓoye, sai bayan wasu sa'o'i ciwon ya fito. Nono ba ya fitar da shi, likita ma sai dai ya taimaki numfashi. Ba sakacinki ba ne.

Tahiru ya je a duba shi, ko da yana jin ya warke. Rantsuwarsa kuwa zumunci ce, kada ki raina ta. Linzami Kailu ya yi alkawari, ba kusoshi ba. Ki kai wa Tahiru baƙin ƙarfen gida ya ƙarasa da shi, waɗancan ki binne su nesa da rijiya tun kafin ya hura wuta. Allah ya ba ki haƙuri, ya bar miki Tahiru.