Ni na hau dutsen, yayar mijina ta kwashe labarin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ku matso kusa ku ji abin da ya tsaya mini a wuya, ni ban yi boko mai nisa ba, yadda maganar ta zo mini haka zan rubuta ta, don Allah ku ba ni shawara.

Ni matar aure ce a Illela, na haura arba'in, kuma ni irin matan nan ce da gida ya ishe su. Ga garin Kwanni nan kusa da mu, tsallaken iyaka kawai, mata suna shiga suna fita kullum, ni sai in shekara ban leƙa ba. Ran Lahadi gari ya cika da 'yan kasuwa, ni ina tsakar gida ina tuƙin tuwo ina hira da duk wadda ta shigo. Dangin mijina 'Yar Tabarma suke ce mini. Wadda ta raɗa mini sunan yayarsa ce, muna ce mata Yaya Hajiya, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. 'Yar kasuwa ce, yau Maraɗi gobe Kano, a wurinta macen da ba ta san tasha ba ba mutum ba ce. Ta faɗa ta faɗa har ni ma na yarda raguwa ce ni.

Bara ta tafi da ni Umra, wannan alherin ba zan ɓoye shi ba. Da muka gama aka ce za a je ziyara Jabalun Nur, dutsen da Kogon Hira yake. Malaminmu ya ce hawansa ba ya cikin ibada, wanda ya ga zai iya ya je. Yaya ta sayo takalmin kambas sabo fil, da sanda, da baƙin gilashi, kamar mai zuwa yaƙi. A gindin dutsen ta dube ni gaban mata ta ce, ke 'Yar Tabarma zauna nan ki tsare mana jakunkuna. Ban san abin da ya cije ni ba, na bi bayanta da silifas ɗina.

Jama'a, mu da a garinmu ko tudun kirki babu. Matakala ce ba ta ƙarewa, ka kai kwana ka ce an iso, sai wata ta miƙe. Ba mu yi nisa ba, a rumfar farko inda ake sayar da shayi, mai kambas ta zauna daɓas. Wai gwiwa. Ta ce je ki ki dawo, na san ba ki nisa. Na ci gaba. Ƙirjina kamar ana hura wuta, na yi amai a gefen hanya, silifas ɗaya ya tsinke na cire duka na tafi da safa. Na zauna na ce shi ke nan, gaskiyar Yaya ce. Sai wata tsohuwa 'yar garin Tawa, ta girme ni nesa, ta dafa ni ta ce, ɗiyata bar kallon sama, dubi ƙafarki, goma goma za mu yi. Mu taka goma mu tsaya, mu taka goma mu tsaya, rana ta ɗaga ta fara dukanmu, a haka har muka kai. Na ga Makka a ƙasa, motoci kamar tururuwa. Na matsa tsakanin duwatsu biyu sai da na karkace kafin in leƙa kogon. Na yi kuka. Ashe ni ba raguwa ba ce, ba a dai taɓa barina na gwada ba.

Na sauko ƙafa duk ta yi bororo, na tarar da ita ta miƙe ƙafa ta tashi da shayi da biskit. Ta ce to ba ni labari, mi kika gani? Ni da surutu, na zazzage mata komai, har birin da ya fizge wa wani leda.

Mun dawo Illela ana zuwa barka da sauka, ina ɗaki ina zuba zamzam, sai na jiyo maganata tana fita daga bakin Yaya. Motoci kamar tururuwa, duwatsun da sai an karkace, har birina ta ɗauke. Ni kunnena ba ya mantuwa. Satin farko mun hau take cewa. Sati na biyu ya koma na hau. Yanzu an kai wai ni na zube a rumfar farko, ita ta saya mini shayi ta wuce. Har goma goma ɗin tsohuwa ta zama dabararta, tana koya wa mata wai haka ake cin nasara a rayuwa. Mace da girmanta, da haƙorin Makka, ta rasa abin sata sai gumin wata. Ina kallonta tana kaɗa hannu tana kwatanta gangare, wallahi raini nake ji, ba fushi ba. Na yi shiru don kunya, na ce Allah ya ga wanda ya hau.

Abin da ya sa na kasa shiru yanzu ɗiyata ce ta fari. Ta samu makarantar koyon jinya a Sakkwato, sati uku ta tattaro kaya ta dawo, wai tsayuwa ta yi yawa, karatu ya yi yawa, ba za ta iya ba. Yaya ta zo ta ce ku bar ta, jinin uwarta ne, ba su da ƙashin wahala. Yarinyar ta gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ya fi mini komai zafi. Na ja ta ɗaki na gaya mata ni na kai saman dutsen ba gwaggonta ba. Ta yi dariya ta ce, haba Inna, ke da ko Kwanni ba ki zuwa, na san don in koma kike faɗa.

Ina da shaida. Tsohuwar nan ta turo mini bidiyon da jikarta ta ɗauke mu a sama, ga ni nan da safa ina haki. Matsalar a ciki ana jin tsohuwa tana dariya tana cewa, ina Hajiyar taki mai kambas, tana can ƙasa tana shan shayi? Ko an yanke maganar, ganina a sama ni kaɗai ya isa. Ɗiyata kuwa bakina ta gado, in ta gani da safe kafin azahar dangi duk sun ji. Na nuna wa babanta, ya kalla har sau biyu ya yi dariya, sannan ya ɓata rai ya ce in goge, Yaya uwa ce a gare shi, ba zai yarda a tozarta ta a kan dutse ba. Na ce ba dutse ba ne, karatun ɗiyarka ne. Ya ce a lallashe ta ta wata hanya. Na lallasa har na gaji, kuma makaranta ta ce in ba ta koma ran Litinin ba an cire sunanta.

Ban goge ba. In na nuna, na saɓa wa mijina, na kunyata matar da ta kai ni Ɗakin Allah, duk da ita ta jawo wa kanta. In na ɓoye, yarinyata za ta zauna a tabarma shekara ashirin kamar ni tana zaton haka Allah ya yi ta. Ku da ku ne, za ku miƙa mata wayar ko za ku rufa wa mai kambas asiri?