Takardar da ta kwana uku a jakar Bobigny

Montreuil, 4 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Raliatou, bayan gaisuwa da tambayar lafiya.

Ni ne baffanki Hudu. Hannuna ne wannan, kada ki duba karkatar rubutun, ban zauna aji ba. A bakin masallaci na ji wai kin zama dakta a jami'ar Lyon, nan Faransa, an taru, an ci abinci. Kowa na yi mini barka, ni ina washe baki kamar na sani. Ni da na tarbe ki a filin jirgi kina rawar sanyi, ban isa a gayyace ni ba? Na faɗa wa mutanen gidanmu kin fi ƙarfin danginki. Uwarki ma na kira ta Damagaram na faɗa mata, ta yi kuka. Ba na neman amsa.

Ki huta lafiya.

Lyon, 9 ga Yuli

Baffa, ina gaishe ka da girmamawa, ina gajiya?

Wallahi na aiko. Wayarka kullum a kashe, sai na sa kati a farar takarda mai hatimin jami'a, irin wanda aka ba manyan malamai, don in girmama ka. Kujerarka tana layin gaba har aka tashi.

Abin kunyar, Baffa, shekara huɗu na yi ina bin kalmar gayyata. A Latin, tsohon harshen Rumawa, ana cewa invitare. Daga nan Faransanci ya samu inviter, Italiyanci invitare, Sifaniyanci invitar. A wurin Rumawa ba kira kaɗai take nufi ba, har da karɓar baƙo a ciyar da shi. Na rubuta shafi ɗari uku a kan haka, amma ban hau jirgin ƙasa na awa biyu na zo na durƙusa gabanka ba. Ka yafe mini.

'Yarka, Raliatou.

Montreuil, 15 ga Yuli

Raliatou, ina amsawa.

Rumawan nan naki sun san mutunci, babba da ƙafa ake gayyatarsa. Wannan ba zan janye ba.

Amma takardar ta zo, tun kafin taron. Da na ga hatimi na zaci ta hukuma ce, na jefa ta a jakar da nake tara takardun ofishin baƙi na garin Bobigny. Bayan kwana uku na buɗe. Faransanci ne zalla. Malam Kamalu maƙwabcina ne ke karanta mini irin wannan, shi kuwa wata takwas ba ma magana, saboda ya ɗauki butata bai tambaya ba. Sau biyu na tsaya ƙofarsa da katin a hannu, na juyo.

Jiya na ƙwanƙwasa. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, “Alhaji, a kan buta?” Shekarata saba'in da ɗaya.

Ki gai da malamanki.

Montreuil, 19 ga Yuli

'Yata,

Bayan Juma'a na miƙe a bakin masallaci, na ce abin da na faɗa a kanki ba gaskiya ba ne, ni ne mai laifi. Har wani ya yi dariya. Saura uwarki. Na ɗauki wayar sau uku, na ajiye. Ki zo ran Lahadi ki danna mini lambar, amma kada ki ce komai. Ni zan yi magana.

Baffanki Hudu.