Tsintsiya Cikin Kwalin Kart Girafik

Zuwa ga taubashina Isufu ɗan Gwaggo Hajo, duk inda wagga takarda ta iske ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ka ji na yi maka gaisuwar manya, wadda ban taɓa yi maka ba tun muna yawo babu wando. Kada ka saba. Don mutane na karantawa ne. Wata bakwai ke nan lambarka ba ta shiga, wanga shafi na intanet kaɗai ya rage inda nake zaton idonka zai iya faɗawa.

Jiya da hantsi Gwaggo ta zo rumfata ta gyaran salula, nan bakin tashar Dogon Dutsi. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce tunda daga Arlit, can kan hanyar Aljeriya, babu wanda ya ƙara jin ɗuriyarka, dangi sun tsai da Juma'a za a yi maka sadaka, kowa ya faɗa gaban liman cewa ya yafe maka. Ni take so in fara, wai ni ne na kusa da kai. Ba ta san abin da ke tsakaninmu ba. Kai ka sani. Bari sauran su ji.

Shekara biyu muna tsara ordinatar wasa, wato kwamfuta, wadda za mu haɗa da hannunmu guntu-guntu. Ni da aka kora daga lakkwal tun aji huɗu, a kan salular mutane na koyi karatun Faransanci, kalma bayan kalma, don kawai in gane abin da masu haɗa irin wagga na'ura ke faɗi. Kai kana gefe kana shan shayina kana ce mini injiniyan bakin tasha.

Abin da na koya guda ne, na kuwa maimaita maka shi har ka gaji: mai ƙaramin aljihu ba ya sayen komai mai kyau. Abu ɗaya yake zaɓa ya zuba ƙarfinsa a kai, sauran ya lallaba. Na ce maka kart girafik, wadda ke zana duk hoton da ido ke gani, ita ce san noma, sauran kayan amalanke ne. Sa mai ƙarfi yana jan tsohuwar amalanke. Sabuwar amalanke ba ta jan kanta.

Kai akwati mai gilashi kake so, mai fitilu ja da kore kamar babur ɗin ɗan gayu ranar salla. Na ce fitila ba ta cin ƙwallo. Muka tsaya kan baƙin akwatin ƙarfe mai ƙofofin iska da yawa, don zafin Dutsi a watan bazara ko jaki yana neman inuwa. Kilabiye, wato allon haruffa, na wani tsohon biron ma'aikata na samu, harafi ɗaya ya goge, na rubuta shi da farce da fenti. Ekran kuwa, allon da hoto ke fita a kai, ka so babba kamar ƙofar gareji, na ce ƙarami mai saurin hoto ya fi, babba mai nawa sai ka ga an harbe ka kafin ka ga mai harbin. Lasifikar kunne muka soke ta gaba ɗaya, muka ce kunnuwanmu na gado sun isa.

Wuri biyu na ƙi yin rowa bayan kart: akwatin da ke raba wa kayan wuta, da ondilar, mai riƙe wutar kuran in an ɗauke. Ka san wutar garinmu, ba ta sallama in za ta tahi, in ta dawo kuma da harbi take dawowa.

Sai furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar. Nan ne na yi wayon da ya ci ni. Iri biyu ne: akwai mai iya fidda hoto da kanta ko babu kart, akwai makauniya wadda sai kart ta yi mata jagora. Makauniyar ta fi araha, na zaɓe ta, na tura rarar kan kart. Ina tuna ka ajiye kofin shayi ka ce, "To in kart ɗin ba ta nan fa?" Na ce ina za ta, ƙafa gare ta? Ka yi dariya. Har yau ban sani ba ko gargaɗi kake yi mini ko awon gona.

Kai na aika Yamai, don bakinka ya fi nawa daɗi a ciniki. Ni in mai kanti ya faɗi tsada zaginsa nake yi, kai sai ka tambayi lafiyar iyalinsa har ya rage. Na ba ka kayen, littafin da na rubuta komai a ciki, na ba ka abin da na tara. Ko rantsuwa ban sa ka ba. Wa ke rantsar da ɗan gwaggonsa?

Kaya suka iso a kar, babbar motar fasinja, cikin watan cika-ciki, kai ba ka biyo su ba. Na kira 'yan fadarmu ta hira duka su zo su gani, har da waɗanda suka shekara biyu suna cewa ƙato da gemu zai ƙare a wasan yara. Na buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya, komai daidai, ko dunƙulen waya bai ɓace ba. Kwalin kart na bari ƙarshe. Na yanka shi a hankali kamar mai fiɗar layya.

Guntuwar tsintsiya ce a ciki, an naɗe ta da leda, da ɓallin bulo don nauyi.

Kafin in rufe baki saƙon muryarka ya shigo, wani ya fizge salular ya sa kowa ya ji. "Ɗan kawu, na ɗauki kuɗin sharata na shekara goma gaba. In na dawo daga Aljeriya biyu zan saya maka." Fada ta kece da dariya, wani har da faɗuwa daga benci. Suka ce wanga shi ne taubashi na gaske, ba a fushi da abokin wasa, wanda ya yi fushi shi ke biya. Ni ma na yi dariya, Isufu. Haƙorana kawai suka fito. Ka san inda za ka soke ni yadda ba ni da ikon cewa wayyo. Kuɗin shara goro ne da 'yan dala, kowace shekara ina ba ka kana raina su. Kai ka ɗauki al'adar kakanninmu ka yi mayafin sata da ita.

Na haɗa na'urar duk da haka. Tana nan cikin ɗakina. In na danna, fankoki su tashi, ƙaramar fitila ta kama, ekran baƙi ƙirin. Lafiyarta lau, makauniya ce kawai. An ce in sayi 'yar tsohuwar kart ta kwance in rage zafi. Na ƙi.

Na zage ka a zuci zagin da in na rubuta shi nan sai an rufe mini shafi. Na ce da ka tambaye ni mana. Amma ƙarya nake. Da ka tambaya da na hana, da na kai ƙararka wurin Gwaggo, shi ya sa ba ka tambaya ba.

Ga abin da ke hana ni cin tuwo. Ni na nace sai babbar kart. Ni na soke fitilu, na soke lasifika, na zaɓi makauniya, duk don ta ƙara girma. Da na bi taka muka watsa kuɗin kan gilashi da ƙyalƙyali, kuɗin 'yar kart ɗin da za ta rage ko garin Tawa ba su kai ka, da ka sauka ka juyo gida kana zagina. Ni na zaɓa maka abin da ya isa ya kai ka hamada. Shekara biyu ina karatu, ashe guzurinka nake haɗawa.

Ranar Juma'a zan je. Zan zauna kan tabarma, in ɗaga hannu in an ɗaga, in shafa in an shafa. In liman ya zo kaina, shiru zan yi. Gwaggo za ta yi kuka, dangi za su ce ni ɗan Malam Garba na zaɓi ƙarfe na bar jini. Su ce. Yafiyar da ake yi wa mutum a bayan idonsa, gaban liman, ta matattu ce, ni kuwa ban ga gawarka ba. Ban yafe ba. Ka zo da ƙafarka ka tsaya bakin rumfata, in zage ka tun daga kakanka har jakin gidanku, ka ce wasa ne, sannan mu ga abin da bakina zai faɗa.

Allah Ya sa kana inda ake shan ruwa. Allah Ya sa salularka ce ta mutu, ko aka sace, ko kunya ce ta riƙe maka baki. Allah Ya tsare ka daga rana da mugun direba, Ya maido ka ko da hannu wofi, ko da riga ɗaya. Amin.

Naka, wanda bai huce ba,
Shaibu ɗan kawunka.